Haɗari a Wurin Aiki, Hutun Haihuwa da Tabon Ɗauri: Tambayoyi da Amsoshi kan Haƙƙinka a Dokar Nijeriya

Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda suka fi yawo a bakin ma'aikata: leburorin masana'antu a Sharaɗa da Bompai da Chalawa, malamai mata na makarantun kuɗi, da kuma waɗanda suka fito daga gidan gyaran hali suna neman abin yi. Abu guda na lura da shi cikin shekarun da na yi ina sauraron irin waɗannan koke-koke. Yawancin haƙƙin da ke salwanta, doka ta riga ta tanade shi. Abin da ke cinye shi rashin takarda ne da wucewar lokaci. Mu mutane ne masu aiki da amana da kunya, ita kuwa kotu takarda take karantawa, tana kuma ƙirga kwanaki.

Inji ya cinye mini yatsu biyu a kamfani. Manaja ya biya kuɗin ɗinki ya ce sauran ƙaddara ce. Shi ke nan?

Allah ya ƙara sauƙi, ɗan'uwa. Ƙaddara gaskiya ce, babu mai musun ta, amma ba ta soke diyya. Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010 ta ce duk wanda ya ji rauni a bakin aiki ko a dalilin aiki yana da haƙƙin magani da diyya, kuma ba sai ya tabbatar cewa mai kamfani ne ya yi sakaci ba. Hukumar NSITF, wato hukumar inshorar ma'aikata ta tarayya, ita ce ke riƙe da asusun da ake biyan diyyar daga cikinsa. Kowane mai ɗaukar ma'aikata wajibi ne ya zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da yake biya duk wata, daga aljihunsa. Haramun ne a doka ya cire wannan kuɗi daga albashinka.

Ga inda mutane ke faɗuwa. Kwana 14 gare ka ka sanar da mai aikin, wato wanda ya ɗauke ka aiki, cewa ka ji rauni. Shi kuma kwana 7 gare shi ya kai rahoto hukumar. Neman diyyar kansa a cikin shekara guda ake yin sa, sai in akwai uzuri mai ƙarfi, a nan ana iya karɓa har zuwa shekara uku. Kada ka ce ai manaja na wurin, da idonsa ya gani. Rubuta: ranar, lokacin, wane inji, su wa ke tsaye. Yi kwafi biyu, a sa maka hannu a ɗaya ka ajiye. In sun ƙi karɓa, tura ta waya a saƙon da zai nuna kwanan wata.

Na ga wannan a gidanmu. Wani ƙanena yana aiki a wata masana'antar leda, dare ɗaya abin yankan ya kama hannunsa na dama. Na same shi a asibiti da asuba, an naɗe hannun da tsumman da ake goge inji, baƙin mai duk ya haɗu da jini. Washegari wani daga ofis ya zo da ambulan da lemo, ya yi addu'a mai kyau, ya miƙa masa wata takarda ya dangwala da hagu. Babu wanda ya karanta a cikinmu, muna ta godiya. Sai bayan shekara biyu muka ji labarin akwai wani asusu. Har yau in na ga yadda yake riƙe cokali raina yana ɓaci, domin da mun san ko rabin abin da ke wannan shafi, da ba haka ba.

To in na riga na dangwala a takardar cewa na yafe fa?

Dokar ta 2010 ta hango wannan. Ta ce ba a yarda ma'aikaci ya yi yarjejeniya da mai aiki a kan ya bar diyyarsa ba, kuma duk irin wannan yarjejeniya ba ta da ƙarfi. Ta kuma hana mai aiki ya lallashe ka ko ya tsorata ka don kada ka kai rahoto. Saboda haka dangwalen bai rufe ƙofa ba. Abin da ke rufe ta shi ne lokaci.

Ni ɗan aikin wucin gadi ne, kullum ake biya na, ba ni da takardar ɗauka. Dokar ta shafe ni?

Ta shafe ka. Ma'anar ma'aikaci a wannan doka tana da faɗi: na dindindin, na wucin gadi, mai koyon sana'a, wanda aka ɗauka da baki kawai, har da 'yar aikin gida in ba 'yar gidan ba ce. Sojoji ne kawai aka ware. Wahalarka ita ce nuna cewa ka yi aiki a wurin, don haka kada ka raina katin shiga, hoton rajistar da kuke sa hannu da safe, saƙon banki na biyan kuɗi, ko abokin aiki da zai tsaya maka shaida.

Ka kuma sani, sashe na 7 na Dokar Ƙwadago ya wajabta a ba ma'aikaci rubutaccen bayanin sharuɗɗan aikinsa kafin ya cika wata uku. Wanda ya shekara biyar ana kiran sa na wucin gadi ba a ba shi wannan takarda ba, dokar ake takawa a kansa.

A hanyar zuwa aiki babur ya kaɗe ni. Wannan ma ana biya?

Ana biya, in kana kan hanya ce tsakanin gidanka da wurin aiki, ko wurin da ka saba cin abinci, ko inda kake karɓar albashi, matuƙar mai aikin ya san da wurin tun farko.

Maigidana ya rasu a wurin aiki, ya bar ni da yara uku. Me ya rage mana?

Allah ya jiƙansa, ya ba ki haƙuri, ya raya abin da ya bari. Dokar ta ce a kai rahoton mutuwa nan take, kuma iyalan da suka dogara da mamacin suna da diyya ta wata-wata. Matar da aka bari da yara biyu ko fiye tana samun kashi 90 cikin 100 na albashinsa, mai yaro ɗaya kashi 85. In albashinsa naira 70,000 ne, wato mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a 2024, kason ki da yaran ya kama naira 63,000 duk wata.

Na san kina cikin takaba, fita ba ta yi miki sauƙi ba. Ki wakilta wani ɗan'uwa mai amana ya fara kai sanarwa a rubuce, ya karɓo takardar shaidar mutuwa daga asibiti da duk wata shaidar aikinsa. Kuɗin ta'aziyya da kamfani ya aiko da buhun shinkafa alheri ne, a karɓa a yi godiya, amma ba su ne diyyar ba. In ya bayyana kamfanin bai taɓa yin rajista da hukumar ba, laifinsa ne, ba naki ba. A kai maganar ofishin NSITF na jiha, in ta ƙi ci a wuce Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda ke da rassa a Kano da Kaduna da Sakkwato da Jos da wasu biranen.

Wane tanadin kariya ne dole masana'anta ta yi mana? Kuma zan iya ƙin aikin da na ga zai halaka ni?

Dokar Masana'antu ta 1987 ta lissafa su: a killace duk ɓangaren inji mai haɗari, a koya wa sabon ma'aikaci kafin a ɗora shi a kan inji, a samar da iska da haske da ruwan sha da bayan gida da akwatin taimakon gaggawa, a ba da kayan kariya ga mai taɓa abu mai guba, a bar hanyar tsira in gobara ta tashi. Ƙofa kuma kada a kulle ta yadda na ciki ba zai iya buɗewa ba. Wannan ta ƙarshe ba wasa ba ce. A watan Satumbar 2002 gobara ta tashi da dare a wata masana'antar roba a Ikorodu ta Jihar Legas, ma'aikata da dama suka ƙone, kuma abin da aka yi ta faɗa a lokacin shi ne ƙofofi a kulle suke. Duk haɗarin da ya kashe mutum ko ya kwantar da shi fiye da kwana uku, dole a sanar da jami'an duba masana'antu na Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya.

Gaskiyar magana, haƙoran wannan doka sun zube. Tarar da ke cikinta 'yan dubban nairori ce da aka rubuta lokacin da naira take naira, yau ba ta kai kuɗin man janareto na yini guda ba. Masu dubawa kuma ba su kai yawan masana'antun ba. Shi ya sa ƙorafin mutum goma a takarda ɗaya, ko ta hannun ƙungiyar ƙwadago, ya fi na mutum ɗaya tasiri nesa ba kusa ba.

Batun ƙin aiki kuwa, Nijeriya ta amince da yarjejeniya mai lamba 155 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya tun 1994. Ta ce wanda ya janye daga aiki saboda yana da dalilin ganin akwai haɗari na kusa ga ransa ko lafiyarsa, kada a hukunta shi. Tun gyaran tsarin mulki na 2010 Kotun Ma'aikata tana da ikon aiki da irin waɗannan yarjejeniyoyi. Sai dai ka yi da hankali: sanar da shugabanka nan take, faɗi takamaiman abin da ka gani, waya ce a buɗe ko tsani ne ya tsage, kuma kada ka bar harabar kamar mai yaji.

Wata cutar ma ba ta zuwa da jini. Ƙurar dutse, sinadarin jima, ƙarar inji mai kashe kunne, duk dokar diyya ta san da su. Kuma abin ba ya tsayawa a kan ma'aikaci. A 2010 a Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, dutsen zinare da ake niƙawa a cikin gidaje ya watsa gubar dalma, yara sama da 400 suka rasu. Mai aiki da sinadari ya canza kaya ya wanke jiki kafin ya ɗauki ɗansa.

Ina koyarwa a makarantar kuɗi, ina da ciki. Hutun nawa doka ta ba ni?

Malama, sashe na 54 na Dokar Ƙwadago shi ne gindin maganar: mako shida kafin haihuwa in kin kawo takardar likita, mako shida bayan haihuwa, sha biyu ke nan. In kin yi wata shida ko fiye kina aiki a wurin, ba za a biya ki ƙasa da rabin albashi ba a lokacin hutun. Bayan kin dawo kina da rabin awa sau biyu a rana don shayarwa. Kuɗin awo da na haihuwa dai dokar ba ta ɗora wa mai aiki ba.

Akwai wani lungu da ya kamata ki sani. Wannan doka ta fi magana ne a kan masu aikin ƙarfi da na akawu. Masu muƙamin gudanarwa da ƙwararru, sharuɗɗan da ke takardar ɗaukarsu ne ke aiki a kansu. Don haka ki ɗauko takardarki da littafin ƙa'idojin makarantar ki duba abin da suka ce tun ciki bai tsufa ba. A ganina ko mako sha biyun ya yi kaɗan. Mace ta gama wankan jego da kwana biyu kacal a ce ta koma aji, alhali a asibiti ana ce mata ta shayar da nono zalla wata shida. Ma'aikatan gwamnatin tarayya sun fi samun sauƙi, nasu ba ya gaza mako 16 da cikakken albashi. Legas tun 2014, Kaduna kuma tun 2019, sun ba ma'aikatansu mata wata shida.

Za a iya kora ta saboda cikin?

Sashen nan dai ya hana a ba ki takardar sallama kina cikin hutun haihuwa, ko a ba ki wa'adin da zai ƙare a cikinsa. Haka in rashin lafiyar da ta samo asali daga cikin ta sa kin ƙara kwanaki, da shaidar likita. Kotun Ma'aikata ta taɓa yanke hukuncin cewa korar mace don ta yi ciki wariya ce, ta kuma sa aka biya diyya. Dabarar da aka fi yi ita ce a matsa miki ki rubuta takardar ajiye aiki da hannunki, a ce in kin yaye ki dawo. Kada ki rubuta.

Mu maza fa, akwai hutu in an yi mana haihuwa?

A aikin gwamnatin tarayya akwai: kwanakin aiki 14, an amince da shi a 2021, sau ɗaya cikin shekara biyu, har zuwa yara huɗu. Ya ishi mutum ya yi hidimar asibiti da ta suna a natse. Legas na ba da kwana 10. Dokar Ƙwadago kuwa ba ta ambaci uba ba ko kaɗan, don haka a kamfani sai abin da takardarka ta ce.

Takaba, jinyar mahaifi, ko rashin lafiyata ni kaina?

Rashin lafiyarka: har kwanakin aiki 12 a shekara da albashi, in likita ya tabbatar. Hutun shekara: aƙalla kwanakin aiki 6 bayan wata 12. Takaba da jinyar iyaye babu su a Dokar Ƙwadago. Wata huɗu da kwana goma ba ƙaramin lokaci ba ne, kuma mata da yawa sun rasa aiki a cikinsa a daidai lokacin da suka fi bukatarsa. Abin da ya fi shi ne a nemi izini a rubuce, a haɗa da hutun shekara, a kuma karɓi amsa a rubuce.

'Yan sanda sun taɓa kama ni, na kwana biyu aka sake ni. Na zama mai tabon laifi ke nan?

A'a. Sashe na 36 na tsarin mulkin 1999 ya ce kowa marar laifi ne har sai kotu ta tabbatar da laifinsa. Kamu daban, hukunci daban. Amma rubutu yana iya zama: dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 ta ce a ɗauki suna da hoto da zanen yatsun wanda aka kama, ta kuma kafa rajistar masu laifi ta ƙasa a hannun 'yan sanda, inda ya kamata a aika sakamakon kowace shari'a cikin kwana 30. Jihohi irin su Kaduna da Kano sun yi nasu makamantan dokokin.

Matsalar ita ce labarin kamu yana saurin shiga fayil, labarin wankewa yana jan ƙafa. In an kai ka kotu aka sallame ka, je wurin rajistara ka karɓi kwafin hukuncin mai hatimi, ka adana shi kamar takardar gida. Ka kuma duba abin da alƙali ya rubuta. In an sallame ka an kuma wanke ka, magana ta mutu, ba a sake gurfanar da kai a kan wannan laifi. In kuwa an kori ƙarar ce kawai don mai gabatar da ƙara bai zo ba, ana iya dawo da ita. Ranar da za ka nemi takardar shaidar hali ta 'yan sanda don biza ko aiki a waje, wannan kwafin ne zai yi maka magana.

Na gama zaman gidan yari shekara goma sha biyu da suka wuce. Akwai hanyar goge sunana?

Wannan ita ce tambayar da ta fi yi mini nauyi. Ingila tana da doka tun 1974 wadda ke sa wasu hukunce-hukunce su mutu da kansu bayan wasu shekaru, mutum ya nemi aiki ba sai ya ambace su ba. Afirka ta Kudu na barin a nemi goge wasu ƙananan laifuka bayan shekara 10. Nijeriya ba ta da irin wannan doka ta bai ɗaya. Wanda ya saci akuya yana ɗan shekara ashirin, ya yi wata shida, yana iya kai wa furfura da tabon a fayil. Ban ga adalci a nan ba, kuma ban ga hikima ba, domin wanda aka rufe wa ƙofar halal ana tura shi ne inda ya fito.

Hanyoyin da suka rage biyu ne. Ta farko ɗaukaka ƙara, in kana ganin hukuncin kuskure ne. Daga babbar kotu zuwa kotun ɗaukaka ƙara kwana 90 ne a shari'ar laifi, kodayake ana iya roƙon ƙarin lokaci da dalili mai ƙarfi. In aka soke hukuncin, kamar ba a taɓa yin sa ba ne.

Ta biyu afuwa. Sashe na 175 na tsarin mulki ya ba shugaban ƙasa wannan iko a laifukan dokar tarayya, bayan ya shawarci Majalisar Magabata. Sashe na 212 ya ba gwamna a laifukan dokar jiha, da shawarar kwamitin afuwa na jihar. A nan ma a bambance. Rage wa'adi ko sakin fursuna albarkacin Sallah ko bikin 1 ga Oktoba fitarwa ce kawai, hukuncin na nan. Cikakkiyar afuwa ita ce ke wanke mutum. Da ita Olusegun Obasanjo, wanda aka ɗaure a 1995 zamanin Abacha, ya tsaya takara a 1999, kotun ɗaukaka ƙara kuma ta tabbatar cewa afuwar ta share hukuncin. Sunayen da muka fi ji na manya ne, tsofaffin gwamnoni irin su Alamieyeseigha a 2013, Dariye da Nyame a 2022, amma sashen bai ce sai tsohon gwamna ba. Talaka ma yana rubutawa, ta ofishin kwamishinan shari'a na jiharsa, ya haɗa da kwafin hukunci, takardar sallama daga gidan gyaran hali, shaidar sana'a, da wasiƙun mai unguwa ko hakimi da limami waɗanda suka san zamansa tun fitowarsa.

Akwai kuma wani tanadi a dokar 2019 da ta mai da gidajen yari gidajen gyaran hali: takardar shaidar kyakkyawan hali ga wanda ya nuna natsuwa a zamansa, tare da hana a nuna masa wariya saboda ɗaurin. Wanda ke da ɗan'uwa a ciki ya tambayi jami'in walwala tun kafin ranar fita.

Yarona ne aka kai kotu yana ɗan shekara 15. Zai bi shi har girma?

Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 ta ce bayanan yaron da aka gurfanar sirri ne, ba a buga sunansa, kuma ba a ɗauko su a yi amfani da su a kansa in ya girma. Jihohi kan yi tasu sigar dokar, don haka a duba ta jiharku. Baba, abin da za ka tsaya a kai tun ranar farko shi ne shekarunsa. Kai takardar haihuwa ko ta makaranta, domin in aka rubuta 19 a fayil, a matsayin babba za a yi masa shari'a.

Ba ni da kuɗin lauya. Ina zan dosa?

Hukumar ba da agajin shari'a ta tarayya tana da ofis a manyan biranen jihohi, aikinta tsaya wa marasa hali kyauta. Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Ƙasa da Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a ba sa karɓar kuɗin shigar da ƙorafi. Mata na iya zuwa ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA. Rikicin albashi, hutu ko sallama, a fara da ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya da ke jihar, sau da yawa wasiƙar gayyata ɗaya daga can tana sa mai kamfani ya sauko.

Duk inda za ka, tafi da kwafi, asalin takardun su zauna a gida. Rubuta sunan jami'in da ya karɓa da ranar, ka nemi lambar fayil kafin ka tashi daga kujerar, ka kuma tambaye shi ranar da za ka dawo.